Nonon Rifkatu

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Makka da ba ya jin lallashi. Tun hantsi bangon ɗakina a Misfala yake ɗaukar wuta, in ka dafa shi sai ka janye hannu. Yara sun sa mini mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wai don in daina zama bakin ƙofa ina fifita da faifai, amma ni sanyinsa kama mini gwiwa yake yi, suna fita nake kashe abina. Jiya bayan la'asar Salwa, matar jikana, ta zo daga Kudai da jaririnta. Yaro ya fara tsala kuka, sai na ga ta buɗe gwangwani, ta ɗebi gari, ta zuba ruwa a kwalba ta girgiza, ta sa masa a baki. Kafin in gyara zama har ya yi barci.

Na ce, "Salwa, wannan nonon wace ce a gwangwani?"

Ta ce, "Halib ne, ya sitti, na saniya. A saidaliyya ake saya, kantin magani."

"To ita saniyar, an bincika addininta?"

Ta dube ni ta yi irin dariyar da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. Hausarta ba ta kai ta gane tsokana ba, ni kuma azumi bai bar mini yawun yin bayani ba. Amma tambayar ba ta banza ba ce. An taɓa yin ta a kan kakan yaron nan da take riƙe da shi, a wani azumi da ya faɗo daidai wannan lokaci. Sai dai can ba rana ce ta dame mu ba, ruwa ne da yunwa.

Daga ƙasar Gumel muka taso, ni da maigidana, wanda nake kira Malam, da ƙanwar mahaifinsa Gwaggo Yalwa, da jaki guda mai taurin kai. A wancan zamani, bayan yaƙin Turawa da 'yan shekaru, talaka ba ya cewa zai je Makka bana ya dawo baɗi. Tafiya ake yi ana noma. Inda damina ta riske ka nan ne gidanka, ka yi shuka, ka girbe, ka ɗaure guzuri, ka ƙara gaba. Mu ta riske mu a ƙasar Cadi, gaba da Fallomi kafin a kai Abeshe, a wani zangon Hausawa matafiya da ke gindin baƙaƙen duwatsu. A nan na haihu da bazara, ranar Juma'a, ɗan fari namiji. Ɗanjuma muke ce masa.

Shekarar da ta gabata fara ta bi ƙasar ta share, don haka muka tarar da rumbuna wayam. Sarkin zango ya yanka wa Malam gona, aka yi shuka da ruwan fari. Da watan azumi ya tsaya gero ya kai gwiwa, kore shar, gwanin sha'awa, amma ba a cin ganyensa. Ɗan hatsin da muka zo da shi ya koma sai a tafin hannu ake auna shi.

Ga yadda yini yake. Da asuba a sha kunun dusa da tsamiya, tsararo, kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Ana idar da salla maza su saɓa fartanya, su yi gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, don ba mai ƙarfin da zai nome tasa shi kaɗai. Mu mata mu bi bakin gonaki muna tsinkar tafasa da rama. Ƙasar wurin baƙa ce mai danƙo, tana kama ƙafa har sai ka ji kana jan dutse. Da rana ta take, iska ta tsaya cik, zufa ta yi ta bin baya, sai hadari ya haɗo daga bayan duwatsu. Ban taɓa sanin ƙishirwa tana da rashin kunya ba sai a nan: ruwa na zuba a fuskarka, yana gangarowa ta kan leɓe, kai kuwa ka damƙe baki gam kamar an ba ka amana. Bayan la'asar yara da tsofaffi su tafi tonon gidan tururuwa, don akan sami ƙwayar ciyawa da ta hatsi da suka tara. A sheƙe, a wanke, a niƙa. Da magariba a yi buɗa-baki da kwaɗon tafasa da ɗan tuwon da bai kai dunƙulen yaro ba. In ka kwanta kana jin kwaɗi suna kuka a waje, cikinka yana amsa musu.

A bakin rijiya na fara ganinta. Igiyar guga ta tsinke mini, ina tsaye ina zazzaga mata masifa, sai na ji an ce a bayana, "Sannu da aiki, 'yar'uwa. Ga tawa ki ja da ita." Hausa ce, amma da wani irin karin harshe. Na juya na ga mace gajeriya, kakkaura, da goyon 'ya mace, idonta cike da hawaye. Na ce lafiya? Ta ce lafiya lau, ta daɗe ba ta ji an zagi igiya da Hausa ba.

Sunanta Rifkatu. Ita da mijinta Ishaya daga ƙasar duwatsu suke, can kudu da Zariya. Mutanen majami'arsu ne suka aiko su su kawo wa mazauna kan dutse bishara, suna ta fama da koyon yarensu. Bukkarsu tana tsakanin zangonmu da hawan dutsen. Da na dawo na ba Gwaggo labari, sai ta ce, "Banasariya baƙar fata? Ke dai ba ki ji da kyau ba." Mu a saninmu Nasara shi ne Bature mai jan kunne. Ba mu taɓa tunanin za a sami wadda ta iya tuƙa tuwo a cikinsu ba.

Ni Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Na fara neman dalilin bi ta ƙofarta, yau aron wuta, gobe aron dutsen niƙa. Na ga abubuwa. Ita da mijinta a akushi ɗaya suke cin abinci. Sunansa take kira gatsal, Ishaya, ko ɗan rusunawa babu. In za su yi addu'a ba alwala, ba alƙibla, sai su runtse ido su yi ta magana da Allah kamar yana zaune a kan turmi. Na tambaye ta me ya sa ake rufe ido, ta ce don kar ta ga kaza tana shiga mata ɗaki hankalinta ya rabu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda take yi da 'yarta Tabita, wadda ita ma 'yar fari ce. Ta cilla ta sama, ta sumbace ta, ta yi ta kiran sunanta a gaban kowa. Mu kuwa ɗan fari ɗan kunya ne. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban manya, in zan ba Ɗanjuma nono sai na juya wa Gwaggo baya, yana gamawa ta karɓe abinta. Na ce wa Rifkatu, "Ke ba kya jin kunya?" Ta ce, "Kunyar wa, Dije? Ni na haife ta."

Ita ma ta sami abin mamaki a wurinmu. Ta kasa gane yadda za a yi noma a wuni ba ruwa. Kuma ta sami aiki a zango ba tare da ta nema ba. Gishiri ya ƙare mana, da ruwan toka muke gyara miya, shi kuwa in ya yi yawa ya ɓata tukunya, ga shi mai azumi ba ta son kai miya baki. Sai na fara kiranta ta ɗanɗana mini. Kafin a kai tsakiyar wata, matan zango duk sun gano amfanin Banasariya. Da la'asar za ka gan ta tana bin bukkoki da goyo, ana miƙa mata ludayi, tana cewa wannan ta yi, wannan a ƙara ruwa. Gwaggo ce kaɗai ta ce ita hancinta ya ishe ta.

Ba ta taɓa ɓoye abin da ya kawo ta ba. Muna niƙa tana ba ni labarin Yesu Almasihu. Wata rana ta ce ya taɓa ciyar da taro mai yawa da 'yar gurasa da kifi. Na ce, "To ki gaya masa zangonmu ya fi su bukata." Ta ce, "Tun da safe na gaya masa." Na ce mu ma mun san shi, Annabi Isa ɗan Nana Maryam, na ba ta labarin haihuwarsa a gindin dabino, ta ce wannan ba ya cikin littafinsu amma ta ji daɗinsa. Ta ce an gicciye shi ya mutu saboda zunuban mutane, ya kuma tashi. Na ce mu a wurinmu ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke abinsa. Ta ce, "To ai mun haɗu a kan yana da rai." Na ce daga nan kuma kowa ya kama hanyarsa. Ba mu taɓa rabuwa da fushi ba, sai dai gari ya ƙare a kan dutse.

Ana cikin haka marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana, zazzaɓi ya kayar da ni. Da na farfaɗo sai na tarar nono ya ɗauke. Limamin zango ya aiko cewa mai shayarwa ta ajiye azumi, na ajiye, amma ajiye azumi a gidan da babu abinci suna kawai aka sauya. Gwaggo ta kwance ɗan ƙullin kanwar da take ɓoyo ta dama mini kunu, ta jiƙa saiwoyi iri-iri, ko ɗigo bai zo ba. Mace ɗaya ce mai goyo a zangon, ita ma nata ɗan fata kawai yake tsotsa. Aka samo nonon akuya, ya sa shi gudawa. Maɗigarsa ta faɗa. Kukansa ya koma siriri kamar na 'yar kyanwa, daga baya ma ya daina, sai dai ya buɗe baki ba sauti. Ina kwance ina kallonsa a cinyar Gwaggo, kunya ta hana ni ko miƙa hannu.

Da hantsi Rifkatu ta shigo a jiƙe, da ganyen kabewa a hannu, wai ta ga kwana biyu ban leƙo ba. Ta dubi yaron sau ɗaya, ta ajiye ganyen, ta fara sassauta zanenta.

Gwaggo ta ja shi jikinta. "Tsaya, 'yar nan. Ba a haka."

"Gwaggo, yaron nan ba zai kai gobe ba."

"Rai na Allah ne. Mun baro gida don mu kai shi ɗakin Allah, ba don mu ba shi Nasaranci ya sha a nono ba. Wa ya san ma ko ruwan nan naku za ki zuba masa a ka?"

"Mu ba ma yi wa jarirai baftisma, Gwaggo. Sai mutum ya girma ya nema da bakinsa."

Aka kira Malam daga gona. Ya tsaya a ƙofa, laka har gwiwa, ya dubi gwaggonsa, ya dubi ɗansa, sai ya juya ya tafi ya zo da Liman. Liman wani tsohon Bakatsine ne da ƙafa ta hana shi ci gaba da tafiya, ya zauna yana yi wa matafiya salla. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "Ceton rai ne a gaba, kuma nonon ma'abuciyar littafi bai haramta ba. Amma ku sani, in ya sha ya ƙoshi ta zama uwarsa, 'yarta ta zama 'yar'uwarsa, ba aure tsakaninsu har abada. Wannan ba aron tukunya ba ne da ake mayarwa."

Na ɗauka magana ta ƙare, sai Rifkatu ta ce, "Allah gafarta Malam, akwai saura. Duk lokacin da na ba Tabita nono ina yi mata addu'a da sunan Yesu. Ba zan iya ba wannan bakina a rufe ba. Gara ku ji yanzu, kar a ji daga baya a ce na ɓoye."

A raina na ce wannan mata ba ta da dabara ko kaɗan, da ta yi abinta a zuci wa zai sani? Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Gwaggo ta ce, "To kun ji." Malam ya kalli ƙasa. A al'ada ni ce ta ƙarshe da za ta sa baki a zancen ɗan fari a gaban surukai, amma na ji muryata ta fita ba tare da na yi shawara da ita ba. Na ce, "Ki yi taki addu'ar, ni ma zan zauna in yi tawa. Gwaggo, ki ba ta shi."

Da farko bai iya kamawa ba, sai da ta matsa masa a leɓe. Can muka ga maƙogwaronsa ya motsa. Ruwa na dukan jinka, a ɗakin kuwa ba ka jin komai sai haɗiyarsa.

Haka muka ci gaba. Safe, rana da yamma, ko ta zo ko in kai shi. Ita ta runtse ido tana magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da yarensu, ni ina gefe ina karanta abin da na sani ina tofa masa a ka. Nakan kasa kunne in ji me take roƙo, don in san abin da zan warware. Ban taɓa jin ta roƙi wani abu da ya wuce ya rayu, ya yi ƙarfi, ya san Allah ba, sai dai sunan da take rufewa da shi. Ita ma ashe tana sauraren nawa, har ta tambaye ni ma'anar tofin. Shi kuwa gogan, da aka sa a tsakiyar addu'a biyu, ba ruwansa da mu, ya damƙe abinsa da hannu bibbiyu.

Sai dai nono ɗaya ne aka raba wa yara biyu a shekarar yunwa. Rifkatu ta fara zubewa, ƙasusuwan wuyanta suka fito, Tabita ta koma yawan kuka. Na ga yadda Ishaya yake kallon 'yarsa. A nan aka yi abin da ban taɓa ji ba, kafin nan ko bayan nan. Da rana tsaka a watan azumi, a zangon mahajjata, aka riƙa hura wuta ana dafa wa Kirista abinci. Matan da ta ɗanɗana wa miya kowace ta riƙa rage loma daga buɗa-bakinta tana ajiyewa. Maza suka kai gayya gonar Ishaya suka nome ta tas. Wata rana na ga Gwaggo ta dire mata ƙwaryar kunu a gaba, rabonta na sahur ne ba ta sha ba. Ta ce, "Ba don ke ba, don maigidana ne," wato jikan nata. Ta tsaya a kanta har sai da ta shanye.

Aka yi salla ba sabon zane, ba tuwon kirki. Bayanta da 'yan makonni gero ya fitar da kai, muka gasa tumu na farko, muka murje a tafin hannu muna ci da zafinsa, har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba, ko a garin nan da ake kawo abincin duniya. Ɗanjuma ya yi kumatu. Ni kuwa jikina ya dawo, amma nono bai dawo ba.

Da aka gama girbi ayari ya ɗaura kaya. Malam ya so mu bi, don Gwaggo ta tsufa, kullum tsoronta kar ta mutu ba ta ga Ka'aba ba. Ita ce ta kashe maganar. Ta ce, "Wa zai ba shi nono a hanya, jakin?" Muka tsaya a bakin zango muna kallon abokan tafiyarmu har suka sha kwanar dutse. Gwaggo ta koma ɗaki ba ta ci abinci ba ranar.

Shekarar da ta biyo baya an yi damina mai albarka, amma ni ta fi mini ta yunwar wuya. Yaro ya yi rarrafe, ya miƙe, kuma duk inda ya nufa wurin Rifkatu ne. Ita yake kira Mama, yadda Tabita take yi. Ni kuwa Dije yake ce mini, yadda ya ji a bakinta. In ya faɗi, ya wuce ni da kuka ya tafi can. Wata Lahadi Gwaggo ta same shi yana tafa hannu yana bin waƙarsu ta sujada, ta suri abinta tana salati, ta zaunar da shi ta yi ta nanata masa kalmar shahada, shi kuwa yana ta dariya yana ja mata hanci. Ita addini take tsoro. Ni na daina tsoron wannan tuntuni. Abin da yake ci na shi ne na haifi ɗa, an raya mini shi, amma bai san ni ba. Na ji haushin Rifkatu, matar da ba ni da abin da zan saka mata da shi, na kuma ji haushin kaina da nake jin haushinta.

Da kaka ta sake zagayowa, wani ayarin ya sauka a zango, aka ce wannan karon da mu za a tashi. Sai maganar yaye. Gwaggo ta samo ganyen garafuni mai ɗaci ta dandaƙa, ta ce a kawo ta shafa. Rifkatu ta karɓi ƙoƙon ta ce ita za ta shafa da hannunta. Sannan ta dube ni ta ce, "Dije, matso nan kusa. In ya juya, ke nake so ya tarar. Kunyar nan ki ajiye ta yau, gobe kya ɗauka."

Ya shigo da gudunsa ya haye cinyarta kamar kullum. Ya kama, ya saki, ya tofar. Ya koma ɗaya ɓangaren, nan ma haka. Sai ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, bai ma fara kuka ba, kallo kawai yake yi yana jiran ta gyara. Ta kawar da kai ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Ya ja zanenta, ba ta juyo ba. Da ya fashe da kuka ya waiwayo, na buɗe hannuwana a gaban Gwaggo, ya faɗo jikina. Gwaggo ta miƙe ta ce bari ta je ta duba jaki.

Ranar tafiya ta rako mu har inda hanya ta rabu da dutse, ta bar Tabita wurin Ishaya, kuma ta tsaya ta bayan jaki inda yaron ba zai hango ta ba. Ta ɗaure ƙirjinta tam da tsumma, duk da haka gaban zanenta a jiƙe yake. Ta ce, "Dije, na so ƙwarai ki karɓi Yesu. Don wannan aka aiko mu, kuma ke na fi so a duk ƙasar nan."

Na ce, "Ni ma na so ki yi shahada mu tafi tare."

Ta yi murmushi ta ce, "To kowa ta ci gaba da roƙo, mu ga wadda za a amsa wa." Ta yi mini sallahun abu ɗaya, in ya yi wayo in gaya masa. Daga nan ban ƙara ganinta ba, ban kuma ƙara jin labarinta ba, duk da na tambayi mahajjatan da suka biyo ta hanyar shekara da shekaru.

Kwanakin farko ya yi ta kiran Mama, duk macen da muka wuce sai ya leƙa fuskarta. Kafin mu bar Abeshe ya rage. Muka shiga Sudan, muka yi daminu muna tsinkar auduga a gonakin mutane muna tara na jirgi, ya koma kirana Inna, in ya faɗi wurina yake zuwa. Abin da na roƙa ke nan, na kuma samu. Amma ranar da na lura ko waƙar tasu ya daina yi, sai na ji ba daɗi, ban san dalili ba.

Muka haye teku daga Sawakin zuwa Jidda, Gwaggo tana nan da ranta, ta ƙanjame amma bakin bai mutu ba. Aka loda mu a bayan babbar mota, maza da harami, har shi Ɗanjuma an ɗaura masa ɗan ƙyallensa fari. Can cikin duwatsu motar ta tsaya a wurin wasu ginshiƙai biyu, askar, sojan da ke gadin hanya, ya leƙo yana duba mu. Wani da ya taɓa zuwa ya ce nan ne iyakar Harami, daga nan wanda ba Musulmi ba ba ya wucewa.

Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali, "Dije, ja masa haramin ki rufe cinyoyin nan. In askar ya san da abin da aka gina su, zai ce rabin yaron ya sauka."

Malam ya ƙunshe dariya. Ni ma na fara dariyar, sai na dubi cinyoyin, dagwas-dagwas, sun sha ƙurar hanya, ƙafafun da suka tako Sudan da kansu. Ban rufe ba. Mota ta ja ta wuce tsakanin ginshiƙan, mutane suka ɗauki talbiyya, wasu na kuka. Ni ina riƙe da ƙafarsa, ashe sunanta nake ta maimaitawa a fili ban sani ba.

Ya ɗago kai ya ce, "Inna, wace ce Rifkatu?"

Na ce, "Uwarka ce. Gyara zama in gaya maka."